Sabulun da Ba a Wanka da Shi

Bayan an raba gadon mijin yayata, abin da ya faɗo mata shi ne 'yar garkar albasa a bakin fadama da tsohon injin ban-ruwa. Ba ta da ƙarfin noma, 'ya'yanta mata biyu kuma suna gidajen mazajensu, don haka ta sayar. Kuɗin ba su da yawa, amma su ke nan. Da su za ta ci, da su za ta sha magani, har iyakar abin da Allah ya rage mata na kwana.

A lokacin ban daɗe da dawowa Madawa ba daga Yamai, inda na yi shekaru ina karanta labarai da Hausa a gidan rediyo. A danginmu duk abin da ya shafi takarda ko lissafi ni ake kawo wa, ba don an taɓa gwada ni ba, sai don an saba jin ina faɗin adadi ban yi tuntuɓe ba. Wata rana da hantsi Yaya ta shigo gidana, ta zauna bakin tabarma, ta ƙi shan ruwan da aka kawo mata.

"Mai rediyo, aiki na kawo maka," in ji ta. "Madam na son in sa kuɗina cikin sabulunta. Ka duba mini."

Madam ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kirista ce, ta yi aikin jinya a asibitin mishan har furfura ta fito mata, kuma kowa a unguwa da wannan sunan yake kiranta. Lokacin da ciwon mijin Yaya ya tsananta aka kwantar da shi can, ita ta riƙa juya shi tana goge masa jiki, ita ta samo wa Yaya wurin kwana, tana kawo mata tuwo daga gidanta. Da ta bar aiki sai ta dawo Madawa ta buɗe ɗan kamfani a tsakar gidanta, da takardar izini da komai, tana yin sabulu da man aduwa. Mata kaɗan ke mata aiki, wasu 'yan majami'arsu, wasu maƙwabta Musulmi. Yanzu tana son sayen injin matse mai daga Maraɗi, domin matsar hannu ba ta isarta. Kuɗin Yaya za su biya mafi yawan kuɗin injin. A madadin haka, duk ƙarshen wata uku za a ba Yaya kashi ɗaya cikin uku na ribar da aka samu.

Tambayar a fili take: nawa kamfanin ke samu a wata uku, kuma kason Yaya zai riƙe ta?

Madam ta ba ni littafin cinikinta ba tare da na roƙa sau biyu ba. Rubutun ma'aikaciyar jinya ne, ƙanana, kowane kwali da ranar fitarsa da kantin da ya ɗauka. Ban sami kuskure a ciki ba, kuma har yau ban samu ba. Amma aikin da na fito ya koya mini kada in karanta labari sai na ji shi daga baki na biyu. Sai na ɗauki sunayen kantunan na bi su. Na fara da na cikin gari, sannan Urno, sannan na hau motar kasuwa zuwa Buza da Karofane, daga baya Keita. Hanyar dutse ce, mota na tafe tana kuka, buhunan gero a ƙarƙashinmu, akuya ɗaure a ƙafata.

Masu kanti ba sa son a tambaye su abin da suka sayar. Na Karofane, wani dattijo mai jan gemu, ya daɗe yana kallona.

"Kai ɗan haraji ne?"

Na ce masa a'a, na gaya masa inda na yi aiki.

"Af! Ashe ku ne kunka ce muna bara za a yi ruwa da yawa. To ga ruwan nan, Malam, sai ka kwashe naka."

Mutanen da ke zaune a benci suka yi dariya, ni ma na yi, daga nan ya saki jiki. Ya gaya mini kwali nawa ya ɗauka tun daga kaka, ya nuna mini ragowar a kan kanta. Ya yi daidai da abin da Madam ta rubuta. Haka na samu a sauran wuraren, in ban da ɗan bambancin da mantuwa ke kawowa.

Na koma gida na zauna na yi aikin. Na ɗauki cinikin wata ukun da suka wuce, na cire kuɗin ƙwallon aduwa, da soda, da takardar naɗi, da ladan ma'aikata, da kuɗin mota, da abin da ke karyewa a hanya. Na ƙara da kuɗin wuta da gyara da injin zai riƙa ci. Abin da ya rage ya kai kusan kashi uku cikin goma na cinikin. Kason Yaya a ciki zai ciyar da ita wata ukun har ta ajiye wani abu, kuma cikin 'yan shekaru uwar kuɗinta za ta dawo. Na sake lissafin daga ƙasa zuwa sama, amsar ba ta sauya ba. Ya kamata in aika a kira Yaya a ranar.

Ban aika ba, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai tun a hanya. Duk abin da ake sayarwa a ƙasar nan yana barin shara. Ledar ruwa, kwalin shayi, takardar alewa, kana ganinsu a jikin darni da bakin kwata. Sabulun Madam kuwa ana naɗe shi cikin takarda kore mai kauri, da hoton reshen aduwa, abin da ido ba zai wuce ba. A garuruwa biyar ban ga ko guda a ƙasa ba. A bakin rijiyar Urno na tsaya na kalli masu wanki, da dogon sabulun nan mai araha da ake shigowa da shi daga ƙetaren iyaka suke yi, wanda ake yankawa da wuƙa. A bakin tabki kusa da Keita ma haka. Na kuma tuna abin da mai kanti na Buza ya ce da na tambaye shi masu saye.

"Mata ne."

"Ɗai-ɗai suke ɗauka?"

"Ina! Uku, shida, wata ma duzen."

Sabulun Madam ya ninka na kasuwa tsada. Matar manomi ba ta sayen shida irinsa don wanka.

Amsar a cikin gidana take, kuma ba da dabara na same ta ba. Wata rana sabulunmu ya ƙare, maiɗakina ta tafi barka, ni kuma ina son yin wanka kafin azahar. Na shiga ɗakinta ina dube-dube, na janyo wata babbar kwalla daga ƙarƙashin gado. Cike take da sabulun Madam, an jera shi kamar tubali. Na ɗauki ɗaya na yage takardar na yi wanka. In faɗi gaskiya, sabulu ne mai kyau, kumfarsa laushi, ba ya barin ƙaiƙayi.

Tana shigowa ta tsaya a tsakar gida tana shinshina.

"Malam, mi nike ji haka?"

"Wanka na yi."

"Da wane sabulu?"

Na nuna mata. Ta dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi! Sabulun biki ka buɗe mini? Duk sabulun duniya ba ka gani ba sai na matar liman?"

"Matar liman ta ajiye sabulu a ƙarƙashin gadonki?"

"Kai dai ka iya magana cikin akwati. Zauna in hwaɗa maka."

Na san al'adar biki ta mata tun ina yaro, amma daga nesa, yadda maza suka san ta. In mace na suna ko aurar da 'ya, ƙawayenta da danginta kowace ta kawo gudummawa. Ita kuma sai ta riƙe a ka wace ce ta kawo me, domin ranar da waccan ta tashi nata sha'anin dole a mayar mata, a kuma ɗora ƙari. A zamanin mahaifiyarmu kwanoni ake kaiwa da turmin zane. Abin da ban sani ba shi ne, tun da sabulun Madam ya fito, shi ya zama kayan biki a yankin nan. Yana da kyan gani a kan faranti, ba ya lalacewa, kuma kowa ta san kuɗinsa, saboda haka ba a gardama wajen ramawa. Na cikin kwallar maiɗakina sun taru ne ranar sunan jikarmu. Ba nata ba ne, a ganinta. Jira suke a tashi wani suna su fita.

Ta riƙa ɗaukowa tana nuna mini. Wasu takardunsu sun koɗe, kusurwoyin sun goge saboda yawo. Ta ɗaga wani mai tabon lalle a gefe.

"Wanga ni na kai shi Urno bara, da hannuna na ɓata shi. Ga shi ya komo. Gida uku ya shiga kahin ya zaka."

"To yaushe ake wanka da shi?"

"Wa zai yi wanka da shi? Sai irinku."

Ta sa na ba ta kuɗin guda ɗaya a nan take.

Na koma kan lissafina, wannan karon ba da jin daɗi ba. Cinikin da Madam ta yi na gaske ne, kuɗin sun shigo. Amma mafi yawan sabulun bai ƙare ba, yana nan a ƙarƙashin gadaje daga Madawa har Keita. Abin da ake ci ko ake wanka da shi, gobe a dawo a sake saye. Wannan kuwa sau ɗaya mace ke cika kwallarta, daga nan sai ɗan ƙarin da take ɗorawa in za ta rama. Ga shi kuma watannin da na auna na bayan girbi ne, lokacin da aure da shagali suka fi yawa. Na nemi masu saye don wanka na gaske: waɗanda aka gaya wa a asibiti yana maganin ƙaiƙayi, da wasu malaman lakkwal, wato makarantar boko, da ma'aikata. Ba su da yawa. Da na haɗa su da ƙarin biki, sai na ga cinikin wata ukun da ke tafe da wuya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ya gabata. In an biya ma'aikata da wuta, abin da zai rage ba abin rabawa uku ba ne. Injin zai ƙara yawan sabulu, alhali ba ƙarancin sabulu ne ke gaban kamfanin ba.

Na ga bai dace in gaya wa Yaya ba sai Madam ta ji daga bakina. Na same ta a rumfa, hannunta cikin safar roba, tana juya ruwan sabulu da muciya a cikin rabin tano, wato gangar ƙarfe da aka yanke biyu. Warin soda na shiga hanci. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta daina juyawa ba.

"Na sani, Malam," ta ce. "Ni na zaɓi takardar nan. Na ga abin da mata ke so na ba su. Ka ɗauka ban san inda sabuluna ke kwana ba?"

"To in kwallaye sun cika fa?"

"Shi ya sa nike son inji. Mai zai yi sauƙi, in rage kuɗin sabulu, talaka ya saya ya yi wanka. Don haka na fara aikin ga tun farko. Na ga yara da ƙazuwa shekara da shekaru."

Na ce mata ranar da ta rage kuɗin, ranar zai fita daga kayan biki, domin ba mai kai abu mai araha gidan suna. Za ta rasa kasuwar da take da ita kafin ta sami wadda take nema, kuma ko da injin, da wuya ta sauko daidai da na ƙetaren iyaka. Nan ta tsayar da muciyar.

"Na riga na ba mai injin kuɗin kamu don ya ajiye mini shi," ta ce a hankali. "Duk abin da na tara. Ranar da 'yar'uwarka ta ce mini to, washegari na aika." Ta cire safar ta ajiye. "Amma ka gaya mata duka, yadda ka gaya mini. Ba ni riƙe ta. Ubangiji ya sani ban ɓoye mata komai ba."

Na yarda da ita, kuma wannan ne ya fi damuna. Da maƙaryaciya ce, da aikina ya yi sauƙi.

Na je gidan Yaya bayan la'asar, na tarar tana tsince zogale. Na yi mata bayani dalla-dalla, ba tare da ƙawa ba, yadda na saba karanta labarin da ba shi da daɗi. Ba ta ɗago kai ba sai da na yi shiru.

"Ka gama?"

"Na gama."

"Ƙarya ta yi maka?"

"Ko kaɗan."

"To. Zancen kwalla kuma, ni ma ina da tawa a ɗaki. Sai yau ka sani?"

"Yaya, in kin sani, ai kin san ba riba a gaba."

"Na san na ce mata to."

Na ce ta ba da rabi ta riƙe rabi. Ta dube ni yadda take dubana tun ina ƙarami in na faɗi abin wauta.

"Ana saida rabin inji a Maraɗi?"

Na ce alherin da Madam ta yi mata ba wanda ya manta da shi, amma akwai hanyoyin rama shi da yawa, ba sai da abincin tsufanta ba. Na tambaye ta in kuɗin nan suka narke, me za ta ci. Ban sassauta tambayar ba, domin ita ce kaɗai tambayar.

"Matar da ta goge ma maigidana jiki da hannunta, lokacin da 'yan'uwansa ke toshe hanci," in ji Yaya, "ita zan je in ce wa ƙanena ya yi lissahi? Ta ba da kuɗin kamu kan maganata. In na janye, nata sun tahi. Ka sa wannan cikin lissahinka?"

Ban sa ba. Ba shi da gurbi a ciki.

Ta ba da kuɗin. Abin da na iya shi ne na dage a rubuta yarjejeniya, fastonsu da limamin unguwarmu suka sa hannu a matsayin shaidu. Injin ya iso a bayan mota an ɗaure shi da igiya, matan kamfanin suka yi guɗa, aka dafa shinkafa. Na ci tare da kowa.

Bazara ta shigo, aure ya ragu, ciniki ya ja baya kamar yadda na zata. Abin da ban zata ba sai da damina ta kama na gan shi. Na je Buza ta'aziyya, na biya ta kantin nan don in sayi goro, sai na ga sabulun Madam tsibi guda a kan kanta, takardunsa a koɗe, ana sayar da shi ƙasa da kuɗin da kamfani ke ba 'yan sari. Na tambayi mai kantin inda ya samo.

"Mata ke kawowa. Rumbu ya yi ƙasa, Malam. Mace ta zo da guda huɗu ta ce in ba ta tiyar gero. In ce a'a?"

"To, za ka ɗauki sabon kwali wurin Madam?"

Ya nuna tsibin da haɓa.

Wato sabulun da Madam ta sayar bara shi ne ya fito yana kashe mata kasuwar bana. Na yi tsammanin kwallayen za su cika su tsaya, ban kawo cewa yunwa za ta buɗe su ba. Cinikin wata ukun bai kai ko abin da na ƙiyasta ba.

A ƙarshen wa'adin Madam ta zo gidan Yaya da kanta, cikin kayanta na zuwa majami'a, ta sa aka kira ni in shaida. Ta miƙa ambulan, ta ce ga kaso. Na ga littafin a makon, na san babu riba ko ta dala. Kuɗin daga ɗan abin da ake ba ta na barin aiki suka fito, ba wani wuri. Na buɗe baki, Yaya ta ɗaga mini hannu ba tare da ta dube ni ba. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, Madam ta amsa, kowacensu tana kallon tabarma. Bayan ta tafi Yaya ta raba kuɗin biyu, ta ba wata maƙwabciya rabi ta je ta sayi sabulu a kamfanin ba tare da ta faɗi wanda ya aiko ta ba.

Daga baya Madam ta sallami ma'aikata biyu. Yaya ce ta maye gurbinsu, ba lada. Kullum da safe tana can a rumfa, tana yanka sabulu ƙanana ba takarda, wanda suke gwada kaiwa kasuwannin ƙauye a kan kuɗi kaɗan. Ana ɗan saye. Injin yakan yi aiki wani lokaci, sauran ranaku yana lulluɓe da tabarma. Soda ta cinye mata fatar yatsu, domin ta ce safa na hana ta riƙe wuƙa.

Kwanan baya na biya na gaishe su. Da zan tafi Yaya ta rako ni har zaure, abin da ba ta saba ba. Ta leƙa baya ta tabbata Madam ba ta ji, sannan ta rage murya.

"Mai rediyo, na wata ukun da ke tahe fa? Ka duba?"

Na ce na duba.

"Ya kai in ci tuwo?"

Na gaya mata gaskiya: in amfanin gona ya yi kyau mata suka daina fito da na ɗaki, kasonta zai iya sayen geron wata ɗaya cikin ukun. Na ce ɗakin da ke kusa da na maiɗakina an share shi, an gyara rufin, duk ranar da ta ga dama ta taho.

Ta tsaya tana duban yatsunta.

"Ba yanzu ba," ta ce, ta koma ciki.